Baƙin Farantin Alhaji Malami

Ana saukowa daga masallacin Juma'a, Alhaji Malami ya ɗaga kai ya dubi rufin zaurensa kamar yadda ya saba, sai ya ga farantin sola ɗaya tilo inda ya bar biyu. Shuɗin yana nan yana ƙyalli abinsa. Baƙin kuwa babu shi babu alamarsa, sai wayoyi suna reto a jikin katanga.

Salatin da ya saki bai kai ƙarshe ba rabin unguwa ta taru. Mutanen wannan gefe na Kimba ba sa jiran gayyata, balle a kan farantan nan da suka zame musu abin hira. Alhaji Malami manomin albasa ne mai rufin asiri, mutumin kirki, sai dai ko hula biyu ka ajiye masa sai ya yi shawara kafin ya sa ɗaya. Da ya tashi sa wa gidansa sola, Murtala mai shagon kayan sola a garin Jega ya yi ta bayani har yawunsa ya ƙafe. Da ya gaji sai ya ɗauko baƙi ɗaya da shuɗi ɗaya ya ɗora masa a kan zaure, ya ce ya gwada da idonsa. Tun daga ranar zauren ya koma majalisa, kullum da la'asar ana musu, Alhaji na tsakiya yana gyaɗa wa kowane ɓangare kai.

"Wa yar rage cikin unguwa lokacin salla?" in ji mai unguwa.

Mata duk sun tafi gidan bikin suna a ƙetaren hanya. Wani ya ce ya hangi Ya'ƙub yana kora shanu ta burtalin bayan gida. Ya'ƙub makiyayi ne, rugarsu na zaune a gonar Alhaji Malami tun bayan kaka, shanu na cin kara suna bar masa taki, kamar yadda iyayensu suka yi da iyayensa. Wani kuma ya ce ai ya taɓa ganin wani baƙin abu a kan bukkarsa. Shi ke nan, an gama shari'a. Imrana, babban ɗan Alhaji, wanda zuciyarsa ke riga hankalinsa isa ko'ina, ya ja matasa suka nufi ruga.

Ba su sami farantin ba. Abin da suka samu wani ɗan siriri ne baƙi, mara nauyi, mai naɗuwa kamar tabarma, wanda Ya'ƙub ke cajin waya da fitila da shi. Amma Imrana ya ce wanda ya ɗanɗana ƙarami ai shi zai yi kwaɗayin babba, jama'a kuwa suka ce wallahi haka ne. Aka ɗaure Ya'ƙub aka kai shi ɗakin 'yan banga. Mai unguwa ya yanke magana: in Juma'a ta zagayo faranti bai fito ba, za a miƙa shi ga 'yan sanda, ruga kuma ta tashi daga gonar.

* * *

Hauwa'u matar Ya'ƙub ba ta tsaya kuka ba, ta kira mahaifinta a waya. Washegari da hantsi kabu-kabu ya sauke mahaifin nata, Ɗantani, daga Andarai, da sandarsa da malafarsa. Dattijo ne siriri da ya yi suna wajen bin sawu. In saniya ta ɓata ko aka fasa rumbu, daga Maiyama har Jega shi ake nema, kuma da yawa cikin mutanen da ke tsaye a ƙofar zauren nan ya taɓa dawo musu da abinsu. Yau kuwa gaisuwarsa ma da ƙyar suka amsa. Abin ya yi masa ciwo, bai dai nuna ba.

"Suruki za shi bin sawun suruki?" in ji Imrana. "Wanga wasa na."

Alhaji Malami ya dubi ɗansa, ya dubi dattijon. "Ɗantani, ban taɓa jin ƙarya bakinka ba. Bi sawu. Amma Imrana na tare da kai duk inda kas sa ƙahwa."

"Na yarda, Alhaji. In sawu yak kai ni ruga, ni da kaina za ni hwaɗi."

Ya faɗi haka ne yana sane da halin kansa. In sawun ya kai shi can ba zai iya ɓoyewa ba, kuma gidan 'yarsa ne zai rushe a kan maganarsa.

Aka kawo tsani ya hau rufin zauren. Shuɗin faranti yana dab da katanga, inda mai miƙa hannu zai kai gare shi. Gurbin baƙin kuwa yana can ciki, sai an tsallake shuɗin. Wayoyin ma ba yanke su aka yi ba, an zare su ne daga mahaɗinsu a tsanake.

"Ɓarawon ga ba ɗauka yay yi ba," in ji Ɗantani yana saukowa. "Zaɓe yay yi."

Ƙofar gida babu abin karantawa, ƙafafun 'yan kallo sun cinye komai. Amma a bayan katanga lambun Alhaji ne, an yi dashen albasa ba da jimawa ba, ƙasa na da laima. Nan sawun ya fito sarai: takalmin roba, irin wanda makiyayi da manomi da mai tallan rake duk suke sawa, ya nutse da kyau kamar na mai kaya a ka. Ya bi ta kan gyaffan fangali, wato 'yan tudun da ke tare wa shuka ruwa, har ya faɗa burtali. A nan kofatan shanu suka shafe shi.

"Ka gani?" in ji Imrana, yana tsalle ya dira a tsakiyar shukar ubansa. "Burtali! Ina kuma kaka son shi kai ka?"

Ɗantani ya juya ya bar lambun.

Ya bi ta ɗakin 'yan banga. Ya'ƙub na ganin surukinsa ta taga ya sunkuyar da kai, kunya ta fi igiyar damunsa. Ya rantse bai ga kowa ba, ranar shi ke da kiwo shi ya sa bai je masallaci ba. Abu ɗaya ya tuna: yana can gaba da shanu ya ji kukan mashin a bayansa, ya tashi ya yi nisa.

* * *

A Jega Ɗantani da Imrana suka tarar da Murtala a cikin shagonsa, farantai jingine da bango, buhun albasa a kusurwa. Ya ce daga gida aka aiko masa, shi ɗan Aliero ne, ubansa manomi. Da ya gane abin da ya kawo su ya ɗan ɓata rai, amma Murtala mutum ne da in ka tambaye shi sola ya manta da fushi.

"Baba, iri ukku na kaka gani nan. Baƙin ga mai bakin ƙarhe, shi muka ce ma mono. Shi yah hi ba da wuta, wuri kaɗan shika ci, amma shi yah hi tsada. Shuɗin ga poli na. Shina da sauƙi, shina aiki, sai dai sai ka jera da yawa kahin su kamo baƙi, ruhin gidan Alhaji ko ɗan ƙarami na. Na ukku shi na irin na surukinka, mai naɗewa. Na matahiyi na, waya da hitila, ba shi ɗaukar hirji."

"Makiyayi in yas samu babban, mi za shi yi da shi?"

Murtala ya yi dariya. "Sai dai shi aza ma bijimi bisa doro. Bukka ba ta ɗaukar nauyinai."

"Wa yas san bayanin ga ban da kai?"

"Duk mai zama zauren Alhaji. Ga Imrana nan, shi kullum baƙi, har rantsuwa shikai. Sai Malam Ubaidullah, ƙanen Hajiya Iklima matar Alhaji, shi ko shuɗi shika yabo, don irinsu ag gare shi bisa injin ban-ruwa can wajenmu Aliero. Saura 'yan amshi na."

A hanyar komawa Ɗantani ya yi ta juya maganar. Wanda ya ɗaura faranti ya fi kowa sanin kwance shi, kuma Murtala na da mashin. Imrana ma na da mashin, ga shi a kansa suke tafe, kuma shi ne mai rantsuwa a kan baƙi, shi ne kuma ya fi kowa gaggawar a ɗaure wani. Dattijon ya zuba wa ƙeyar yaron ido har suka shiga Kimba.

A zaure suka sami Malam Ubaidullah ya zo jaje. Mutum ne mai sanyin murya, shi kaɗai ya tashi ya ba Ɗantani hannu, ya sa aka kawo masa ruwa. Ya ce a Aliero ya yi Juma'a, labari ya iske shi da yamma.

"Ni dai da za a bi tawa, Alhaji, a saki yaron ga," in ji shi. "Hwaranti guda na. Ga shuɗi nan ya rage, a zaɓe shi a huta. Mi za a yi da tada ruga?"

Ɗantani ya ji sanyi a ransa. Tun da ya zo garin wannan ce magana mai daɗi ta farko da ya ji, har ya yi wa mutumin addu'a.

* * *

Kwanaki suka fara gudu. Ɗantani ya bi burtali gaba da baya, ya sami sawun tayar mashin a gindin wata tsamiya, amma sawun ya hau kwalta ya ɓace. A ruga kuwa mata sun fara ɗaure ƙore, don babu wanda ya yarda za a ga faranti. Hauwa'u ba ta tambayar mahaifinta komai, sai dai ta ajiye masa fura ta koma gefe.

Wani abu ne ke masa kai-kawo a zuciya, sai da safiyar Laraba ya kama shi. Yana tsaye bakin lambu yana kallon ɓarnar da Imrana ya yi ranar farko: duk inda yaron ya bi, ya taka shuka. Shi kuwa ɓarawo, da kaya a ka, da tsoro a ciki, ya ratsa lambun nan kaf a kan 'yan gyaffan da faɗinsu bai wuce tafin ƙafa ba. Makiyayi ba ya tafiya haka. Imrana ma, Allah ya ba shi haƙuri, ko an biya shi ba zai iya ba.

Ya sake bin sawun, wannan karon a tsugune. Wajen tsakiyar lambu ya ga inda dunduniyar mutumin ta zame sau ɗaya ta fasa gefen fangali. A gefe ga shatin kusurwar ƙarfe a cikin laka, inda aka jingine faranti. An toshe fashewar da ƙasa, an daddanna da tafin hannu. Kuma ga ɗan dashen albasa guda da zamewar ta tumɓuke, an mayar da shi gurbinsa, an tsinke masa kan ganye. Tsinkakkun ganyen suna nan gefe sun yi yaushi.

Ɗantani ya ɗaga kai ya dubi lambun daga wannan baki zuwa wancan. Babu wani dashe mai tsinkakken kai sai shi.

"Imrana, ku kuna tsinke kan dashe?"

"Mu? A'a. Baba ba shi so. Aikin mutanen Aliero na, su ka cewa shina sa shi kama da wuri."

Murna ta taso wa Ɗantani har sai da ya dafa sanda. Mutum na gudu da kayan sata, amma hannunsa ya ƙi wuce ɗan albasa a kwance. Ya tsince ganyen ya zuba a aljihu. Sai dai 'yan Aliero biyu ne suka san zancen baƙi da shuɗi, kuma ɗayansu shi ne wanda ya ba shi ruwa. Wannan ya rage masa daɗin abin.

"Je ka hwaɗa ma Alhaji da mai unguwa, a taru nan lambu bayan la'asar. A kira Murtala da Malam Ubaidullah. A zo da Ya'ƙub shi ma."

* * *

Suka taru, har da waɗanda ba a kira ba. Ɗantani ya roƙi a tada injin ban-ruwa, ya ce yana son ƙasa ta jiƙa don ya nuna wani abu. Ya tsayar da Murtala da Malam Ubaidullah kusa da juna a bakin wani fangali, Ya'ƙub na gefe da igiya a hannu. Sannan ya fara bayani, ya kuma ja shi da gangan. Ya yi zancen rufi, ya yi zancen waya, ya yi zancen takalmin roba, yana kai-kawo yana nuni da sanda, har mai unguwa ya fara hamma.

Cikin nunin nan sandar ta caki gefen fangali a gaban mutanen biyu. Ƙasa ta ɓalle, ruwa ya fara zurara, ɗan dashe guda ya kwanta. Ɗantani ya yi kamar bai gani ba, ya juya baya ya ci gaba da magana.

Murtala ya ja ƙafarsa baya kada takalminsa ya jiƙe. Malam Ubaidullah kuwa, idonsa na kan mai magana, ya tsuguna. Ya debi ƙasa ya toshe, ya daddanna da tafin hannu, ya tada dashen ya mayar gurbinsa, ya sa farce ya tsinke masa kai ya yar. Yana miƙewa yana goge hannu sai ya ji lambun ya yi tsit.

"Alhaji, zo ka duba wanga aiki," in ji Ɗantani. "In ka ƙare, ka zo in gwada maka ɗan'uwanai."

Ya ja su zuwa tsakiyar lambu. Ya nuna shatin kusurwar faranti, ya nuna toshiyar, ya nuna dashen, ya ciro ganyen daga aljihu ya shimfiɗa a tafinsa. Alhaji Malami manomi ne, ba ya buƙatar a fassara masa. Ya dubi wannan, ya waiwaya ya dubi wancan, fuskarsa ta sauya.

"Kowane ɗan Aliero haka shika yi," in ji Ubaidullah.

"Gaskiyarka, Malam. Amma ba kowane ɗan Aliero ka zama zauren ga shi ji wane yah hi ba. Biyu na. Guda ya ja ƙahwatai baya."

"To mu tai lambunai yanzu mana," in ji Murtala, da ya gane ashe shi ma ana zarginsa. "Shuɗɗan da ag gare shi tsohhin gwanjo na, sun gaji. La'asar na yi ruwa ka ɗaukewa. In munka iske injin na zuba yanzu, a tambaye shi mi ka juya shi."

Ba a je ba. Malam Ubaidullah ya zauna a kan laka da farar rigarsa. Ya ce albasarsa ce ke mutuwa da ƙishi yana kallo. Ya ce bayan ya cika zaure da yabon shuɗi, da wane baki zai ce nasa sun gaza? Ya yi niyyar ya ɗauka ya shayar da lambu ya dawo da shi a ɓoye. Farantin yana can a kan injin, da dare yana rufe shi da zana.

"Da ka roƙa, Ubaidu, da na aza maka shi bisa mashin da hannuna," in ji Alhaji Malami, idonsa ya ciko. "Hwaranti ba komi na ba. Amma kana zaune zaurena kana shan ruwana, bawan Allah na ɗaure sabadda kai?"

Ubaidullah ya rufe fuska. Ɗantani ya dube shi, tausayi ya ɗan taɓa shi, amma da ya dubi igiyar da ke hannun surukinsa sai tausayin ya koma inda ya fito. Mai unguwa ya ce a bar masa sauran.

Alhaji Malami bai jira 'yan banga ba, shi ya kwance igiyar da kansa, ya riƙe hannun Ya'ƙub ya nemi gafara a gaban kowa. Imrana ya tsaya yana susar ƙeya, sai da ubansa ya harare shi sannan ya durƙusa. Mutanen da suka ce wallahi haka ne ranar Juma'a, su ne yanzu ke cewa su dama tun farko ba su yarda ba. Wani ya ɗaga hannun Ɗantani sama, aka ɗauki kabbara.

"Alhaji, to wane za ni kawowa?" in ji Murtala, da bai taɓa barin ciniki ya wuce shi ba.

"Baƙi," in ji Alhaji Malami, ba tare da ya dubi kowa ba. "Ruhin gidana ƙarami na. Kawo baƙi."

* * *

Rana ta yi sanyi lokacin da suka nufi ruga, Ya'ƙub a gaba, Ɗantani da Alhaji a bayansa, jama'a na biye. Tun daga nesa Ɗantani ya ga abin da ya sa ya ƙara sauri. Hauwa'u ba ta jira Juma'a ba. Ta ce ba za ta tsaya a kore ta a gaban 'ya'yanta ba, ta kwance bukkarta, ta tumɓuke sandunan, an riga an ɗaure ƙore da tabarmi a bayan bijimi.

Da ta hangi taron sai ta tsaya cak, ta tura yara bayanta, don ta ɗauka korar ce ta zo da wuri. Sannan ta ga wanda ke gaba, hannuwansa a sake yana kaɗa su. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka amsa, har shanu suka ɗaga kai.

"Sauke kayan ga," in ji Ɗantani. Ya so ya faɗa da muryar dattijo, amma dariya ta ƙwace masa. "Babu inda za ku."

Hauwa'u ta dubi mahaifinta, sai a lokacin hawayen da ta riƙe tun Juma'a suka zubo. Alhaji Malami ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya sunkuya ya ɗauki sandar bukka guda daga cikin tarin, ya tsaya da ita yana waige-waige.

"Ɗiyata, ina za a kahwa ta?"

Ta share fuska da gefen zane, ta taka gaba, ta nuna masa da ɗan yatsan ƙafa.

"Nan, Baba Alhaji. Ramin ma bai ruhe ba."